Jarkar da ke bayan buhunan gari

Litinin, 5 ga Nuwamba
Janwen nan, motar jan motoci, ta tashi yau, bayan shekara biyu tana cin ƙarfin ɗana. Hayaƙi ya rufe layi, kajin maƙwabta suka watse. Ɗan nawa Mederbek ya shigo baƙi wuluk da giris yana dariya, ya kira ni da sunan da muke kiran uwa: "Apa, kin ji muryarta? Tun zamanin sojan Sobiyet ba ta yi tari ba!" Na ce ya wanke hannu kafin ya taɓa mini burodi. Ita ce ta uku a gidan nan, biyun suna can suna tsatsa. Ɗan da ya yi karatu, ya koma tara gawar motocin soja.

Juma'a, 9 ga Nuwamba
Tokton ya sake zuwa. Wai bakanike. Duk garin At-Bashi an san abin da yake sha, shi ya riƙa rako marigayi mijina gida suna tangaɗi. Yanzu kuma ya manne wa ɗan. Zama da maɗaukin kanwa.

Laraba, 14 ga Nuwamba
Na je ɗebo gari a sito, na ga jarka a bayan buhuna, an lulluɓe ta da tsohuwar riga. Na buɗe. Sifirit, barasa tsantsa. Warin nan ko a kabari zan gane shi. Abin da ba na kunya ba, me ya kawo ɓoyo? Na yi mata alama da farce. Ban ce wa kowa komai ba, har Ayzirek matarsa. Yarinyar ba ta ganin laifin mijinta ko da a hanci aka ɗora mata.

Talata, 27 ga Nuwamba
Ta ragu da yatsa uku. Ya Allah. Ubansa ma da kaɗan-kaɗan ya fara.

Alhamis, 29 ga Nuwamba
Da na tambaye shi zai yi rantsuwa, ni kuma na gaji da rantsuwar maza. Na tuttular da kashi uku cikin huɗu na jarkar a bayan garke, na cika da ruwan rijiya. Wari yana nan. In zai sha, ya sha ruwa.

Asabar, 8 ga Disamba
Dole na rubuta wannan.

Da safe aka kira Mederbek, motar tumaki ta zame a mashigin dutsen Dolon, sanyi ya kai talatin ƙasa da sifiri. Aikin janwen na farko ke nan. Ya tafi yana murna kamar ango. Da hantsi sai ga Tokton, wai an bar shi a baya. Ayzirek ta zuba masa shayi, ya shiga mita: "Ɗanki marowaci ne, baba. Ya ɓoye mini sifirit a sitonki, wai na birki ne."

Na ce wane birki?

Ya dube ni kamar na tambayi ina gabas take. Wai birkin motocin nan da iska yake aiki, akwai wani ɗan kofi da ake zuba wa sifirit don kada raɓa ta daskare a cikin bututu. In ta daskare, ka taka ka ji wayam. Ayzirek ta ce ai da asuba ya cika kofin daga jarkar, ita ta riƙe masa mazurari.

Na kira, babu layi a dutse.

Ban san yadda maganar ruwan da na zuba ta fita daga bakina ba, a gaban surukata, a gaban mashayi. Tokton ya ajiye kofi ya ɗauki hularsa. Na shiga akwalar motarsa, ni da na rantse ko inuwarta ba zan zauna ba.

Mun same su a ƙoli, ya riga ya jawo motar tumakin ya ɗaure ta a ƙugiya, saura gangara. Makiyaya huɗu suna tsaye. Na faɗi abin da na yi a gabansu. Mederbek ya hau ya taka birki sau biyu, ya sauko. Fuskarsa kamar gari. Abin da ya ce kawai: "Apa, da kin tambaye ni."

Suka narkar da bututun da fitilar wuta. Sai kuma babu sifirit. Nan Tokton ya yi ta sosa ƙeya, ya zaro kwalba daga cikin takalminsa. "Naka ne, ɗana. Na ɗan ara wancan makon." Yatsa ukun nan ke nan! Wani makiyayi ya ce yau dai sata ta yi rana, suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Na gangaro a gaban janwen. Duk kwanar da birki ya yi huci sai na yi salati. Bai kalle ni ba har gida.

Lahadi, 9 ga Disamba
Ya ci abinci a gareji. Har yanzu ina ganin bai kamata a ajiye irin abin nan a gidan Musulmi ba. Kuma Tokton ɓarawo ne, wannan dai ban yi kuskure ba.

Laraba, 12 ga Disamba
Na kai masa shayi da kaina. Na tsaya ina neman kalmar ban haƙuri, ta ƙi zuwa. Sai na ce kujerar motar nan ƙarfe ce tsirara, za ta kashe masa ƙugu. Ya ce, "Faɗinta taƙi bakwai ne, Apa."

Shida da rabi ne, na auna bayan ya fita. Ina da sauran ulu fari da ja da zai isa shimfiɗar kujera, zama yake yi kawai asu na ci. Ya ce gobe zai fita da wuri. Ban tambayi ina ba.