Ɓera Mai Jan Zane

Litinin, 4 ga Agusta
Mama ta ce hutu ba zai ƙare mini a gado da littafin soyayya ba, in riƙa bin Yaya ɗakin gwajinsu. Aikina wanke keji. Fargabar ɓeraye Yaya take aunawa don digirinta: a sa ɓera cikin farin akwati, kyamara na kallo daga sama. Mai fargaba bango yake bi, mai kwanciyar hankali ya ratsa tsakiya. Ta ce, "Da Auta aka sa, sai ta goge fentin bangon." Malaminta ya yi dariya. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba, 6 ga Agusta
Akwai wani ɓera mai jan zane a wutsiya, kullum a lungu. In Yaya ta fita nakan ɗora shi a tafin hannuna, zuciyarsa na bugawa fat-fat. Ta hana ni taɓa su, amma...

Juma'a, 8 ga Agusta
Ya daina rawar jiki. Na raɗa masa babin littafina da masoyin ya dawo.

Talata, 12 ga Agusta
Ranar gwaji. Mai jan zanen yana cikin waɗanda ba a ba maganin rage fargaba ba, bango ya kamata ya bi. Sai ga shi a tsakiya yana wanke fuska kamar gidan ubansa. Daɗi na ji, Allah ya yafe mini, kafin in ga fuskar Yaya. Da na buɗe kejin, da kansa ya hau hannuna a gabanta. Ba ta yi faɗa ba. "Auta, tun yaushe?" Sabo da hannu yana rage musu tsoro, ashe. Sai an sake gwajin, ga lokacinta ya ƙure.

Laraba, 13 ga Agusta
Yaya ta ajiye mini shayi ta juya ta fita. Gara ta mare ni.

Litinin, 25 ga Agusta
Malam ya ƙara mata lokaci. Sababbin ɓeraye sun zo, ya ce a sabar da su da hannu dukansu, daidai wa daida, wa zai yi? Yana can ƙarshen ɗaki, ɗalibai cike. Na je na ce, "Ni." Muryata ta fita kamar ta sauro.

A hanyar gida Yaya ta ce wai ta tsakiyar ɗakin na bi. Ai kejojin ɓeraye ne suka tare jikin bangon.