A Ba Amalanken Hajiya Wurin Tsallakawa

Zuwa ga Mai Girma Injiniya mai kula da hanyoyin karkara na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Malam Sule na Tsamiyar Kwari, manomi. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Zan fara da albishir, domin murna ta hana ni zama. Autarmu Saude ta haihu bayan shekara tara da aure. Mace ce, lafiyayya, da gashi cike da kai. An sa mata sunan kakarta, wato maiɗakina Hajiya Rabi. Ni kuwa tuni na ce na yi amarya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya: mun gode da kwaltar da kuka yi mana. Yanzu tumatirin manoman yankinmu yana isa kasuwa bai ruɓe ba. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ba.

Na biyu: hanyar ta ratsa tsakaninmu da Gidan Gambo, inda Saude take aure, garin da muke jin kiran sallarsu daga ƙofar gida. An tono lambatu mai zurfi na siminti a kowane gefe, ya datse tsohuwar turbar da amalanken shanu ke bi tun zamanin iyayenmu. Masu awo sun zo, sun ƙirga motocin da ke wucewa, sun tafi. Ba su ƙirga amalanke ba, alhali a nan taki da dawa da marar lafiya duk a kansa suke tafiya. Mai ƙafa yana bi ta kan katakon da muka gitta a kan lambatun. Sa ba ya hawa katako. Wurin tsallakawa ɗaya da aka bari yana can mararraba, kuma fadamar da ke kafin nan ta cika da ruwan damina.

Na uku, wanda ya fi damuna: Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya hawa babur, ba ta iya taka katakon. Ranar suna na ɗaura shanu na kai ta bakin lambatu. Samari suka ce za su ɗauke ta su tsallakar. Ta ce, "Malam, ba za a kinkime ni kamar buhun gero a gaban surukaina ba." Sai uwar mijin Saude ta tsallako da jaririyar a lulluɓe. Hajiya ta riƙe takwararta a kan amalanke, motoci suna wucewa, ta yi mata addu'a, ta miƙa ta. Saude ba ta fito ba, domin maijego ba ta fita kafin arba'in.

Ranka ya daɗe, Hajiya ta yi wa 'ya'yan mutane wankan jego ba adadi a garin nan. Yau tata 'yar ce, wasu ke dafa mata ruwa. Kullum da safe takan dama kunun kanwa ta aika, kafin ya isa ya huce.

Roƙona kaɗan ne. A ɗora murfin siminti mai ƙarfi a kan lambatun, gefe da gefe, daidai tsohuwar turba, faɗin da shanu biyu za su wuce. Yashi da ruwa da ƙarfin aiki mu za mu kawo. Nan gaba kuma, in za a yi hanya, a zauna da masu shanu kafin a kafa turaku.

Yau kwana goma sha biyu da haihuwar. In an hanzarta, Hajiya za ta samu ko da mako guda ta yi wa 'yarta wanka da hannunta.

Allah Ya yi maka jagora, Ya nuna maka jikokinka kana da ƙafar zuwa wurinsu.

Wassalam.
Malam Sule, Tsamiyar Kwari.