Rumfar Ta Gajarce

Yaya Abdulwahab,

Za ka dawo daga garin Hajj Abdalla ba ka same ni ba, na bi lorin Sinja.

Rumfar zinkin da muka saya a Abu Hujar ta iso jiya a karo, amalanken jakin wani Mazin. Kada ka yi saurin murna. Mai ita cikin siminti ya dasa ƙafafunta. Masu kwancewa, ragwayen banza, suka ƙi tono, suka sa zarto suka yanke su daidai ƙasa. Ina can neman karo, kafin in dawo sun gama ɓarnarsu.

Ka san lakar nan tamu. In ba a binne ƙafa kamu guda ba, ruwan farko zai kwantar da ita. Na binne. Yanzu rufin a kafaɗata ya tsaya, kai kuwa ka fi ni tsawo, ga ciwon bayanka. Ban ga ta yadda za ka yini a duƙe kana gyaran injin ban ruwa ba.

A Sinja zan nemi ƙarfen da za a ƙara, amma ba na sa rai. Mai waldar da na sani ya tafi tun farkon yaƙi.

Ka bar kayan aikinka ƙarƙashin gado, inda suke tun da muka baro Madani. Ka yi haƙuri, Yaya.

Akuyar Inna ta riga ta shige ciki. Kada ka kore ta, ita kaɗai rumfar ta yi wa daidai.

Kamal