Wadda Ta Samo Mini Aiki Tana Gindin Murhu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyarmu ta Masu Digiri, Zuru.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da wayoyinka guda biyu.

Na samu saƙonka cewa a taron Asabar zan miƙe in gode wa ƙungiya kan aikin da ta samo mini. Kafin in yi ƙarya a lasifika, ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Shekara biyu da suka wuce, ina gama bautar ƙasa, ka ce mini takardar digiri ba ta ba da aiki, sai da sanin mutane. Na shiga ƙungiya, na buga kati mai sunana da lambata, na raba, na karɓi na wasu, har na cika gwangwani. Ranar da na zazzage na duba, kusan kowa Manajan Darakta ne, kamfaninsa kuma yana cikin jakar hannunsa. Ashe dukanmu aiki muke nema, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne mai hanya. Wani bawan Allah ma katina na kaina ya miƙo mini, ya ce in nemi matar nan, an ce tana da mutane a Abuja.

Na biyu. Kowa ya karɓi lambata, amma babu mai kira, sai filashin. Ka san a unguwarmu sai an hau dutse ake samun sabis. Na hau don in kira Ma'aji, ya ce dama gwadawa yake yi ko lambar tana aiki. Na sake hawa don wani injiniya, ya tambaye ni ko ina da aure. Yanzu awakin da ke kiwo a kan dutsen nan sun daina gudu idan sun gan ni.

Na uku. A tarona na farko kuka naɗa ni Jami'ar Walwala, aka yi tafi. Sai daga baya na gane ma'anarsa raba shinkafa. Duk babban baƙon da kuka gayyato daga Birnin Kebbi, lokacin da kuke musabaha da shi ina can bayan zaure da ludayi. Darakta ɗaya na gaske da na taɓa magana da shi, ƙarin yaji ya nema.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Maman Rifkatu, matar tsohon soja da ke dafa mana abinci, ba ta da kati ba ta da waya. Amma ta san sunan uwata, ta zo duba ni da na yi zazzaɓi. Ita ke sayar wa direbobin wani shirin tallafa wa manoma tuwo, a bakinsu ta ji ana neman ma'aikaciya a Dirin Daji. Ta hau mashin ta je ta samu shugabar shirin, ta ce mata ta san yarinyar da ke raba tsoka ashirin ga masu digiri arba'in ba a yi dambe ba, rabon taki ba zai gagare ta ba. Aka kira ni, aka gwada ni, aka ɗauke ni.

Da na kawo sunanta a shigar da ita ƙungiya, kwamitinka ya ce ba ta da digiri, kuma wai ba ta da wata alaƙa da za ta amfani mambobi.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙo a ba Maman Rifkatu kujera a cikin zaure, a layin gaba. A kuma ɗora rabon shinkafa a kan Manajojin Darakta bi da bi. Wataƙila Maman Rifkatu ta lura da wani a cikinsu, shi ma ta samo masa aiki. Idan an yi haka, zan miƙe ranar Asabar in yi godiya. Idan ba a yi ba, zan miƙe duk da haka, amma a gindin murhu, kuma ina zaton duk mai neman aiki zai biyo ni, a bar ka da lasifika.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka mambobi masu kira ba masu filashin ba, ya kuma sa kamfaninka ya fito daga jaka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Saratu,
Jami'ar Walwala mai barin gado.