Kindirmon Goggo a Firjin Kamfani

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

An rufe min shago. Ina cikin goge firji wani mutum ya shigo da takardar kotu, ya ce umarni ne daga Legas: kada in sayar da komai a ƙarƙashin sunan kamfanin yogot ɗin da nake sayar da kayansa sai an saurari ƙara. Legas! Ni da ko Abuja ban taɓa takawa ba. Direbobin Kwanar Dangora na tsaye suna kallo na sa kwaɗo da hannuna. Kunya ta fi rufewar ciwo.

Talata, 6 ga Mayu

Laifin dai kindirmo ne. Goggo, ƙanwar Baba, takan sauko daga ruga da ƙwaryarta, ta ajiye a firjina kada ya yi tsami kafin la'asar. Direbobi suka gano, suka riƙa cewa "Hajiya Hasiya, na Goggo za ki ba mu." Sai in zuba musu. Ashe Jibrin mai duba shagunan kamfani ya ɗauki hoto ran da ya zo. Ya sha kofi biyu na kindirmon fa, har yana lashe baki, Allah shaida.

To ya zan yi? Matar da ta goye ni bayan rasuwar Inna zan ce wa ɗauke ƙwaryarki?

Juma'a, 9 ga Mayu

Na je Kano wajen Barista Shamsiyya da yarjejeniyar da na sa wa hannu shekara biyu da suka wuce. Ta nuna min wuri biyu da biro. Na farko: ba abin da zai shiga firji sai kayan kamfani. Na biyu: duk rigimar da ta taso, kotun Legas ce za ta saurara. Na ce shagon fa a Kiru yake, ni a Kiru, nonon ma a Kiru. Ta ce, "Hajiya, ke kika yarda da haka." Ran da na sa hannu, hankalina na kan shuɗin allon kamfani da za a kafa min a ƙofar shago, ba kan Turancin ba.

Ta ja min kunne: kada in taɓa kwaɗon nan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Kawu Hamman ya zo a fusace. Wai wace irin shari'a ce za a ɗauki mace daga garinsu a kai ta bakin teku saboda nono? Ya ce magana a ƙofar Dagaci take mutuwa, tun kafin a haifi kamfani. Zai aika a kira Jibrin.

Alhamis, 15 ga Mayu

An yi zaman. Jibrin ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida manya yadda ya kamata, ɗan mutunci sosai. Kawu ya yi dogon bayani a kan zumunci. Dagaci ya ce a yi haƙuri da juna. Jibrin sai "Haka ne, ranka ya daɗe" yake yi, "Allah ya daidaita." Aka miƙa masa goro, ya karɓa da hannu biyu. Liman ya shafa fatiha.

Da muka fito Kawu ya ce, "Ya ci goro, an yi fatiha. Je ki buɗe shagonki." Na tuna maganar Barista, amma a garin nan ban taɓa jin maganar da ta tashi bayan fatiha ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na buɗe. Goggo ta zo har da guɗa. Yau na yi dariya.

Talata, 27 ga Mayu

Wata takardar. Barista ta kira ni tana faɗa kamar ni ce ƙanwarta. Wai buɗewar da na yi raina kotu ne, kuma a kan wannan ana iya tsare mutum. Yanzu ba shagon kaɗai ba, har ni.

Na kira Jibrin, na wanke shi tas. Ya ce, "Hajiya, a gaban Dagaci zan ƙi goro? Ni ɗan aike ne, ba ni na kai ki ƙara ba, ba ni da ikon janyewa." Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Da ya ƙi karɓa, mu ne za mu ce ba shi da tarbiyya.

Kawu ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba. Na sake sa kwaɗo.

Asabar, 7 ga Yuni

Washegarin Babbar Sallah. Ban ji ɗanɗanon naman ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Na dawo daga Legas, ƙafafuna a kumbure. Duk wannan tafiya, maganata a kotu ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Alƙalin bai san ina ne Kiru ba, bai kuma tambaya ba. Lauyan da Barista ta haɗa ni da shi ya ba da haƙuri a madadina, ni ina tsaye kamar ɓarauniyar akuya. Na so in ce wa alƙalin Goggo ce ta raine ni. Ba wanda ya tambaye ni wannan.

An daidaita: zan buɗe, amma na yi alkawari a gaban kotu ba abin da zai sake shiga firjin. In na saɓa, allo da firji za su tafi, ni kuma in koma Legas.

Ban faɗa wa Goggo ba tukuna. Na ce wa Kawu ya faɗa mata, ya ce ba da bakinsa ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Shago a buɗe, ciniki ba laifi. Da hantsi na hango Goggo ta tsallako titi, ƙwarya a ka, tana ɗaga wa masu acaɓa hannu. Wayar firji ta ɗan saki ta baya, dama tun jiya nake so in duba ta. Na tsuguna a can. Na ji ta yi sallama sau uku, ta kira sunana, ta ɗan tsaya, sannan na ji tafiyar takalminta.

Ba ɓuya na yi ba. Wayar dai lafiyarta ƙalau.