Kabarin da ke gonarmu ba irin namu ba ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Tsiga, a duk yankin, gidan Sharifai ake ce wa gidanmu, saboda hasken fatarmu da idanunmu irin na mage. Tun muna yara aka ce mana mahaifin kakata, Hajiya Inna, Balarabe ne da ya zo Funtua fataucin auduga, ya auri 'yar ƙauyenmu, ya rasu Hajiya tana goye. Kabarinsa na can ƙarshen gonarmu kewaye da duwatsu, ko garma ba ta zuwa wurin. Har yau mata na kawo wa Hajiya jarirai ta tofa musu addu'a.

Ita ce ma ta matsa mini, wai tunda na yi boko in gano mata garin ubanta kafin ta mutu. Na je Kaduna inda ake ajiye takardun zamanin Turawa, na yi ta tone-tone cikin ƙidayar baƙin da suka zauna Funtua, har na same shi, ga sunan matarsa, ga sunan ƙauyenmu. Wallahi ba Balarabe ba ne. Bature ne haifaffen Faransa, kuma ba a rubuta shi Musulmi ba.

Da na dawo ban shiga gida ba, gona na wuce. Kabarin da na tashi ina yi wa sallama, sai ranar na lura tsawonsa gabas da yamma yake, ba kudu da arewa irin namu ba. Ashe waɗanda suka binne shi sun san ko wane ne, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Na gaya wa Baffa, wan babana, ya wanke ni tas, wai takardar Nasara zan ɗauko in tozarta gida, in na sake Hajiya ta ji to ba shi ba ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba ni na kai kaina ba, aike na aka yi. Tun daga nan in 'yata ta ɗago ido ta kalle ni sai in ji kamar Baturen nan ne ke kallona, yana jira wani ya kira shi da sunansa.

Yanzu Hajiya na kwance ba lafiya, kuma ta bar wasiyya a binne ta gefen ubanta. Duk sanda na shiga sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka gano garin namu? Makka ne ko Madina?" Sai in ce ana kan dubawa.

Jama'a ya zan yi? In faɗa mata gaskiya in rushe abin da ta rayu a kai, ko in ce mata Madina ta tafi da farin ciki? In kuma na yi shiru, ranar da masu haƙa kabari suka ja nata kudu da arewa, kowa ya ga ya gitta wa na ubanta, me zan ce musu?