Allurar Mai da Hanyar Warra

Yalwa, Yuni 1984

Zuwa ga Yaya Kande,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗiyanki. Ya zafin Sakkwato? Inna tana gaishe ki. Baba ma lafiya, sai dai idanun nan, kullum hazo ƙaruwa yake.

Yaya, motar ta tashi. Kin tuna jar motar Baturen da ya zo auna ruwa lokacin aikin dam, wadda ba ta da rufi, muka bi ta da gudu har bakin kogi? Irinta na ƙera a bayan shagona. Injin wata tsohuwar mota ƙirar Bitil na sa mata, jikin kuwa ni na buga da hannuna. Allon gaban direba daga katakon tsohon jirgin Baba na yanke shi. In rana ta buge shi har yanzu yana warin kifi.

Baba ya shafa ta tun daga hanci har wutsiya, ya ce in kai shi bayan Warra yanzu da ruwa ya janye, ya ga inda gungunmu, tsibirin da muka taso, yake kafin tabki ya cinye shi. Na amsa. Matsala guda ce, allurar agogon mai. Kullum tana nuna tanki cike. Ranar Laraba na yarda da ita, motar ta mutu mini a hanyar Shanga, na tura har gumi ya jiƙa ni. Ba zan ɗauki tsoho a haka ba, ga hanyar babu gidan mai.

Ƙanenki,
Ladan

Yalwa, Yuli 1984

Yaya Kande,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Na bi wayar agogon man da yatsa tun daga tanki, na tarar ƙarfen kujera ya datse ta, ta goge tana taɓa jikin mota. Na sake sabuwa. Sai allurar ta koma wani hauka: in na danna oda ta faɗi ƙasa, in na kunna fitila ta hau rawa. Na canza fis, na ciro abin da ke yawo a kan mai cikin tanki na duba, lafiyarsa lau.

Wani lokaci ina kwance ƙarƙashinta da rana sai in lula. In ga muna tafe a kan ruwa, tayoyin ba su nutsewa, tsamiyar ƙofar gidanmu tana ƙasa kifaye na ratsa rassanta. Sai Inna ta kira ni cin tuwo.

Damina ta kankama, tabki ya kusa fara cika. Jiya Baba ya kira ni da sunan ƙanenmu Sule, sai da na yi magana ya gane ni. Bai sake tambayar tafiyar ba, wannan ya fi damuna.

Naki,
Ladan

Yalwa, Agusta 1984

Yayata,

Ina fatan kun wuni lafiya. Mun je.

Ashe katakon ne. Agogon man yana son jikinsa ya taɓa ƙarfe wuta ta samu hanyar komawa, ni kuwa na dasa shi cikin itace. Guntuwar waya na ja daga bayansa zuwa ƙarfen mota. Allurar ta tashi a hankali, ta tsaya daidai inda man yake.

Da hantsi muka isa. Ruwan ya riga mu, Yaya, ko kan tsamiyar babu. Na kasa faɗa masa. Ya tuɓe takalmi ya shiga har gwiwa, ya miƙa hannu yana nuna mini gidanmu, da masallaci, da inda aka haife ki. Farin ruwa kawai nake gani har ƙarshen ido, amma duk inda ya nuna na ce na gani.

Da muka koma mota hularsa a cinya, iska na kaɗa gemunsa, ya ce, "Ladan, saura mai nawa?" Na duba na ce rabi. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya gyara zama ya ce, "To kar ka juya tukuna. Bi bakin ruwan."

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Ladan